Rainon 'yar kyanwa daga ranar ɗauko ta har ta zama 'yar gida

Yawancin kyanwoyin da ke gidajenmu ba sayo su aka yi ba. Ko maƙwabci ya bayar, ko yara sun tsinto a kango, ko uwar ta haihu a cikin sito ta fita ba ta dawo ba. Mutanen gida kan karɓe su hannu biyu, domin kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. A Muwaɗɗa ma akwai labarin Abu Ƙatada da ya karkata ƙwaryar alwalarsa don kyanwa ta sha, ya ce Manzon Allah (SAW) ya ce ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Don haka tausayi bai yi mana ƙaranci ba. Abin baƙin cikin shi ne, da yawa daga cikin 'yan kyanwar da ke mutuwa a hannunmu, abin da muka yi musu da nufin taimako ne ke kashe su: madarar shanu, ƙwayar farasitamol, feshin maganin ƙwari.

Fara sanin kwanakinta

Duk abin da za ka yi mata ya dogara ne da kwanakinta a duniya, kuma jikinta zai gaya maka. Idan cibiyarta ba ta faɗi ba, ba ta wuce kwana 3 zuwa 5 ba. Idanu kan buɗe tsakanin kwana 7 zuwa 14. Ƙananan haƙoran gaba suna fitowa a mako na 2 zuwa na 3, fiƙa kuma wajen mako na 4, lokacin da take fara tafiya ba tangaɗi. Ana haihuwarta da nauyin kimanin giram 100, kuma mai lafiya tana ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum. Ƙaramin sikelin kicin ya isa wannan aiki. A auna ta kowace safiya a rubuta. Ranar da nauyi ya tsaya cak ko ya ragu, akwai matsala ko da ba a ga wata alama ba.

Idan ka tarar da 'ya'ya a ɓoye, tsaf da su, suna barci cikinsu a cike, to uwarsu na kusa. Ka ja da baya, ka dawo bayan awa uku ko huɗu. Babu rainon da ya kai nata. In kuma kyauta za a ba ka, ka roƙi a bar ta a gaban uwarta har mako 8 aƙalla, mako 12 ya fi. A cikin waɗannan makonni ne take koyon sassauta cizo da ɓoye farce wurin wasa da 'yan uwanta.

Marainiya: ɗumi tukuna, sannan madara

'Yar kyanwar da ba ta kai wata guda ba ba ta iya riƙe zafin jikinta. Da hunturu, dare ɗaya a kan siminti ya isa ya kashe ta. Taɓa tafin ƙafarta da cikin bakinta; idan da sanyi, kada ka ba ta komai tukuna, domin hanjinta ba ya aiki a wannan hali, madarar za ta tsaya ne a ciki ko ta sarƙe ta. Zuba ruwan ɗumi a gorar roba, naɗe ta da tsumma, ka sa a gefe ɗaya na kwali yadda za ta iya matsawa in zafin ya yi mata yawa. Ko kuma ka sa ta cikin rigarka, jiki da jiki. A ɗumama ta a hankali, cikin kamar awa guda.

Madarar da ta dace ita ce ta gwangwani da aka haɗa musamman don 'yan kyanwa, ana samun ta a shagunan magungunan dabbobi na manyan birane. Nonon shanu da madarar shayi ba su da ƙarfin gina jiki irin na nonon kyanwa, ga su da sukarin madara da ke jawo gudawa, gudawa kuwa a jikin da bai kai giram 200 ba mutuwa ce cikin kwana guda. Idan dare ya yi ko kana nesa da gari, a tafasa nonon akuya kofi ɗaya, a bari ya huce, a kaɗa ƙwaiduwa guda a ciki. Wannan na kwana ɗaya ko biyu ne kafin a samo ta ainihi.

Ga yadda ake shayarwar. Cire allura daga sirinji mai mil 1 ko mil 2. Ɗiga madarar a bayan hannunka, ta zama da ɗumi kamar jiki. Kwantar da ita a kan cikinta, kai a ɗan ɗage, kamar yadda take kama nonon uwa. Kada ka kwantar da ita rigingine kamar jariri, domin madarar kan bi hanyar numfashi ta shiga huhu, bayan kwana biyu sai ka ji numfashinta na ƙara. Matsa sirinjin ɗigo-ɗigo, ka jira ta haɗiye. Cikinta ba ya ɗaukar fiye da mil 4 a kan kowane giram 100 na nauyinta a zama guda, wato mai giram 150 mil 6 ya ishe ta. A makonni biyun farko ana ba ta duk bayan awa 2 zuwa 3, har cikin dare. Daga mako na 3 ana iya kai tazarar awa 4.

Akwai abu ɗaya da mutane da yawa ba su sani ba: ba ta iya fitsari ko kashi da kanta sai ta kai mako 3 zuwa 4. Uwa ce ke lashe mata ƙarƙashin wutsiya. Bayan kowace shayarwa, jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka shafa wurin a hankali har fitsari ya fito. Idan ya fito fari-fari, ruwan jikinta ya wadata. Idan ya yi rawaya sosai, tana bukatar ƙari.

Yaye da abincin da ya dace

A mako na 4 sai a fara dama mata dafaffen naman kaza da aka niƙa da madararta, ya yi kauri kamar kunu, a zuba a faifan da ba shi da zurfi. Za ta taka ciki, ta ɓata fuska, wannan ba komai. Zuwa mako na 7 ko 8 ta gama yaye. Daga nan har wata 6 tana cin abinci sau 3 zuwa 4 a rana, babba kuma sau 2.

Kyanwa maciyar nama ce zalla, ba kamar kare ba da zai iya rayuwa da ragowar tuwo. Akwai wani sinadari a cikin nama da ake kira taurin, wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe da kansa. In ta rasa shi tsawon watanni, ganinta kan lalace, zuciyarta ta yi rauni. Zuciyar kaza, ƙundu da cinya suna da shi sosai, kuma idan an dafa a ba ta har da romon, don yana narkewa a ruwa. Shinkafa ko tuwo kaɗan a gefe ba zai cutar ba, amma ba su ne abincin ba.

Nama zalla shi ma yana da nasa giɓin. Ba shi da sinadarin gina ƙashi, shi ya sa 'yar kyanwar da ake ba tsoka kawai takan fara ɗingishi, ƙafafunta su lanƙwashe. A tafasa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na nama. Hanta kuma kaɗan ake bayarwa, sau ɗaya a mako, domin yawanta na sandarar da ƙashin wuya da na baya. Kifi a dafa shi a cire ƙaya. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soki hanji, kada a bayar. Miyar gida kuwa a nisanta ta da ita, saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa jinin kyanwa ko an dafa su. Wanda ke da halin sayen busasshen abincin kyanwa na leda ya huta da wannan lissafi. Babba mai kilo 4 tana cin giram 50 zuwa 60 a rana, sai dai lallai ruwa ya kasance a gabanta kullum. A ajiye ruwan nesa kaɗan da abinci, a sauya shi safe da yamma, da bazara kuma kasko ko ƙaramar tukunyar ƙasa ta fi roba riƙe sanyi.

Wurin bahaya

Wannan ba ya bukatar dogon horo, domin binne kashi ɗabi'arta ce. Samu faffaɗar roba marar zurfi, zuba yashi mai tsabta kamar tsawon yatsa, ajiye ta a lungun da babu hayaniya kuma nesa da abincinta. Bayan cin abinci da bayan tashi daga barci, ɗora ta a kai. A kwashe ƙazantar kullum, a sauya yashin duka kowane mako. Idan ta fara yi a wani wuri, duba abu uku: yashin ya yi datti, wani abu na tsorata ta a wurin, ko ba ta da lafiya. Dukanta ko goga hancinta a ƙazantar ba ya koya mata komai sai tsoronka.

Mace mai juna biyu kada ta kwashe yashin. Akwai wata ƙwayar cuta da kan fito a kashin kyanwa wadda za ta iya illata ɗan tayi. Ƙwayar ba ta fara kamuwa sai kashin ya kwana ɗaya zuwa biyar a waje, don haka idan wani na kwashewa kullum yana wanke hannu da sabulu, babu dalilin korar kyanwa daga gida don an samu ciki.

Yadda sabo ke shiga

Tsakanin mako na 2 da na 7 ne kyanwa ke yanke hukunci a kan ɗan Adam. Wadda hannaye daban-daban suka riƙa ɗauka da lallashi a wannan lokaci, ko na minti 15 zuwa 30 ne a rana, takan tashi mai son mutane. Wadda ba ta ga mutum ba sai bayan nan, sabonta na ɗaukar watanni, wani lokaci ma mutum ɗaya kawai za ta yarda da shi.

Ranar da aka kawo ta, kada a sake ta a tsakar gida yara su yi mata caa. A ba ta ɗaki ɗaya na kwana uku zuwa bakwai, da abinci, ruwa, yashi da kwalin da za ta ɓuya a ciki. In ta shige ƙarƙashin gado, a bar ta. Ka shiga ka zauna a ƙasa, ka yi abin da ke gabanka, kana magana ƙasa-ƙasa. Miƙa yatsa ɗaya daidai hancinta ka tsaya. Idan ta matso ta shinshina, sannan ta goga kumatunta a yatsan, ta ba ka izini ke nan, domin a kumatun akwai ƙanshin da take shafa wa abin da ta ɗauka nata ne. Shafa ta a kumatu, ƙarƙashin haɓa da gindin kunne. Ciki da gindin wutsiya yawancinsu ba sa so, ko da sun kwanta sun buɗe cikin. Bayan 'yan daƙiƙu ka janye hannu ka gani: in ta biyo hannun, ci gaba, in ta kau da kai, ta ƙoshi.

Ƙura mata ido barazana ce a wurinta. Maimakon haka ka lumshe idanunka a hankali, ka buɗe, ka ɗan kau da kai. Masu bincike a Jami'ar Sussex da ke Ingila sun gwada wannan a 2020, suka ga kyanwoyi na mayar da lumshewar, kuma sun fi kusantar baƙon da ya yi musu haka. Wani binciken na Jami'ar Jihar Oregon a Amurka a 2019 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na kyanwoyin da aka gwada suna samun natsuwa da dawowar mai su, kamar yadda yaro ke natsuwa da ganin uwarsa. Zancen cewa kyanwa gida ta sani ba mutum ba, bai yi mata adalci ba.

Koyi karanta jikinta, ka koya wa yara. Wutsiya a tsaye sama, bakinta a ɗan lanƙwashe, gaisuwa ce. Wutsiya na bugun ƙasa, kunnuwa sun kwanta baya, baƙin ido ya buɗe, fatar baya na motsi, to a cire hannu, yaƙushi ne ke tafe. Kada a yi wasa da ita da yatsu; abin da ke ba da dariya a wata biyu, ciwo ne a wata takwas. Ɗaura gashin kaza a zare a bakin kara, a ja mata shi a ƙasa minti goma safe da yamma, a bar ta ta kama a ƙarshe, zaren kuma a ɗauke bayan wasa don kada ta haɗiye. A kafa mata guntun icce ko a naɗe turmi da tsohon buhun algarara don wasa farce, kujerun falo za su tsira.

Rigakafi, tsutsa da ƙuma

Kusan kowace 'yar kyanwa na ɗauke da tsutsar ciki da ta sha a nono. Alamarta ƙaton ciki, ramammen jiki da gashi marar sheƙi. Ana fara magani daga mako na 3, a maimaita duk mako biyu har bayan yaye, sannan wata-wata zuwa wata 6, daga nan duk wata uku. Likitan dabbobi ne zai auna ta ya faɗi adadin.

Allurar farko, wadda ke kare ta daga murar kyanwa da wata cutar amai da gudawa mai saurin kisa, ana yin ta a mako na 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 zuwa 4 har ta kai mako 16. Ta cutar haukan kare ana yi a wata 3, a sabunta kowace shekara, kuma a tabbata wadda ta dace da kyanwa ce, don ba kowace allurar kare ce ake yi mata ba. Ofisoshin lafiyar dabbobi na jihohi suna yi, haka asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Idan kyanwar da ba a san ta ba ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar. Cutar haukan kare in ta nuna alama ba a tashi.

Ƙuma na shan jinin ƙaramar kyanwa har dadashinta ya yi fari. Ga wadda ba ta kai mako 8 ba, a yi mata wanka da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, a fara zagaye wuya da kumfa don kada ƙuman su gudu fuska, a taje da matajin ƙwarƙwata, a tsane ta sarai nan take. Shimfiɗarta a wanke da ruwan zafi. In ka ga gashi ya zube ya bar da'ira mai ɓarɓashi, mai yiwuwa makero ne, kuma yara na ɗauka, sai a kai ta a duba.

Gubar da ke cikin gida

Farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe babbar kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, sai jinin ya kasa ɗaukar iska: dadashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya yi wuya. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da daikulofenak kuma ƙoda suke lalata mata. Kada a ba ta maganin mutum kowane iri ba da umarnin likitan dabbobi ba.

Fiya-fiya da sauran magungunan feshi, ko a ƙasa aka zuba, za ta taka ta lashe ƙafa. Sai ka ga dalala, karkarwa da faɗuwa. Maganin kaska na karnuka mai sinadarin famitirin shi ma haka yake mata. Ruwan goge ƙasa irin su Dettol da Izal suna cutar da ita, a bari wurin ya bushe kafin ta shiga. Shinkafar ɓera kuwa hanya biyu take bi, ko ta ci maganin ko ta ci ɓeran da ya ci. In abu ya zube mata a jiki, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a ɗauki kwalbar a garzaya wurin likita. Ɗura mata manja ko madara ba ya karya guba, sau da yawa ma huhu yake shiga.

Ban da guba, akwai alamun da ba a kwana da su: ƙarama ta yini ba ta ci ba, babba ta kwana biyu, numfashi da baki a buɗe, ko muzuru yana ta tsugunawa a yashi yana kuka fitsari ba ya fita. Wannan na ƙarshe toshewar mafitsara ce, tana kisa cikin kwana biyu zuwa uku.

Maganar haihuwa

Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. Goyon cikin kwana 63 zuwa 65 ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kowane karo 'ya'ya uku zuwa biyar. Daga nan ne ake samun waɗanda ake zubarwa a bola cikin kwali. Likitan dabbobi na yin aikin hana haihuwa daga wata 4 zuwa 6, bayan ya sa ta barci. Muzurun da aka yi wa aikin yana rage yawo, faɗa da fesa fitsari a bango. Kada a yi masa dandaƙa irin ta bunsuru a gida. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da dabbar ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya shirya inda zai kai 'ya'yan.

Kyanwa a ɗakin tsoho ko marar lafiya

A ƙasashe da dama ana kai dabbobi masu sanyin hali gidajen tsofaffi da asibitoci don rage kaɗaici da damuwa. A gida ma ana iya yin hakan ga kaka da 'ya'ya suka watse suka bari, ko wanda jinya ta zaunar, ko yaron da ba ya sakewa da mutane. Ba ta maye gurbin magani ko ziyarar dangi, amma samun rai a ɗaki da ke jiran a ba shi abinci yana ba mutum dalilin tashi da safe.

A fara da tambayar mutumin ko yana so, kuma a tabbata ba shi da asma ko ƙaiƙayin gashin kyanwa. A zaɓi babba wadda ta haura shekara guda, irin kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, wadda da kanta take zuwa wurin baƙo. Ƙarama tana shiga ƙafa ta kayar da tsoho. Alluranta da maganin tsutsa su cika, a rage tsinin farcenta duk mako biyu zuwa uku, farin bakin kawai, kada a kai ga jan da ke ciki. A shimfiɗa zane mai kauri a cinyar mutumin, musamman mai ciwon suga ko mai siririyar fata da rauni ba ya saurin warkewa. Zaman farko kada ya wuce minti 10 zuwa 15, ƙofa a buɗe, in ta sauka a bar ta ta tafi. Idan yaro ne, babba ya zauna tare da su ya nuna masa inda ake shafawa. A wanke hannu bayan an gama. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai jinyar ciwon daji, a nemi shawarar likitansa tukuna. Ciyarwa da taje gashi a bar wa tsohon in zai iya, kwashe yashi da kai ta allura kuwa a ɗora wa wani takamaimai a gidan tun ranar farko, wanda kuma zai ci gaba da riƙe ta idan aka kwantar da mai ita a asibiti.